Majalisar Jiha Da Amanar Yin Doka: Darasi Daga Zaman 1999 Zuwa 2003

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya umurci bayinsa da adalci, ya haramta zalunci a tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi dokokin da Majalisar Dokoki ta Jiha take zartarwa a lokacin zamanta. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan al'amari a kan aikin 'yan siyasa da lauyoyi, alhali kuwa takardar da wakilai suka amince da ita a zauren Majalisa ita ce za ta iske manomi a gonarsa da ɗan kasuwa a rumfarsa, wani lokaci ma ta taɓa hannun mutum ko ransa. Misalin da ya fi dacewa a yi nazari a kansa shi ne zaman Majalisun Jihohin Arewa na shekarar 1999 zuwa 2003, domin a cikinsa ne aka zartar da dokokin Shari'ar Musulunci a jihohi goma sha biyu. Yau an fi shekara ashirin da yin wannan aiki, ƙura ta lafa, ana iya dubansa da natsuwa a ga abin da ya koyar.

YADDA AKE YIN DOKAR JIHA

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowace jiha Majalisar Dokoki guda ɗaya, wadda wakilanta ba za su gaza 24 ba, ba kuma za su wuce 40 ba. Majalisar Zamfara tana da wakilai 24, ta Kano kuwa 40. Ana zaɓensu na tsawon shekara huɗu, tilas ne kuma su zauna aƙalla kwana 181 a kowace shekara. Sashe na 4 ya ba su ikon yin dokoki domin zaman lafiya da kyakkyawan mulkin jiharsu, sai dai an yi wa ikon iyaka. Akwai jerin al'amura da aka keɓe wa Majalisar Tarayya ita kaɗai, kamar soja da 'yan sanda da kuɗin ƙasa. Duk dokar jihar da ta yi karo da ingantacciyar dokar Tarayya kuwa, ta Tarayya ce za ta rinjaya.

Doka tana farawa ne a matsayin shirin doka, wanda Gwamna zai aika wa Majalisa, ko wani wakili ya gabatar. Za a yi masa karatu na farko domin a sanar da wakilai, sa'an nan karatu na biyu inda ake muhawara a kan manufarsa. Daga nan sai a miƙa shi ga kwamiti, ya bi shi sashe bayan sashe, ya kuma gayyaci jama'a su faɗi ra'ayinsu in an ga dacewar haka. Bayan karatu na uku, in ya sami rinjaye, sai a kai wa Gwamna. Sashe na 100 ya ba Gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, Majalisa kuma ta sāke amincewa da shirin da rinjayen kashi biyu cikin uku, to, ya zama doka ko ba da sa hannunsa ba.

MATSAYIN MAJALISA A MUSULUNCI

Mai karatu yana iya tambaya, tun da yake hukunci na Allah ne, mene ne aikin Majalisa a ciki? Malaman fiƙihu sun kasa hukuncin laifuffuka gida uku. Akwai haddi, watau hukuncin da nassi ya ƙayyade, kamar na sata da zina da ƙazafi da fashi. Akwai ƙisasi da diyya, waɗanda suka shafi kisa da rauni, inda haƙƙin yake hannun wanda aka cuta ko magadansa, su nemi ramuwa, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Sai kuma ta'aziri, watau horon da aka bar wa shugaba da alƙali su auna gwargwadon laifi da zamani, kamar horon mai tauye mudu, ko mai cin hanci, ko mai shaidar zur. Kashi na ukun nan shi ya fi faɗi nesa ba kusa ba, a nan ne kuma shugabanni suke da filin tsarawa.

Malamai suna kiran wannan fili siyasar Shari'a, watau tsare-tsaren da shugaba zai yi domin maslahar jama'a, muddin ba su saɓa wa nassi ba. Malaman Malikiyya irin su Alƙarafi da Ibnu Farhun sun yi bayani mai tsawo a kanta. A ƙasar Hausa ma, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkami a Kano a farkon shekarun jihadi, bayan mutanen garin sun roƙe shi ya rubuta musu yadda za su tafiyar da mulki da shari'a. Rubuta fiƙihu a jera shi sashe sashe kamar dokar zamani shi ma yana da tarihi, domin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta yi haka tsakanin 1869 da 1876 a kundin da ake kira Majalla, mai sassa 1,851, wanda ya tattara hukunce-hukuncen ciniki da mu'amala bisa mazhabar Hanafiyya.

Amma magabata sun kasance suna tsoron wannan aiki. An ruwaito cewa wani Halifa na Abbasiyawa ya so ya tilasta wa dukkan Musulmi bin Muwaɗɗa, Imamu Malik da kansa ya hana, saboda sahabbai sun watsu a garuruwa, kowane gari kuma yana da ilmin da ya iso gare shi. In har mai littafin ya yi taka-tsantsan haka, to, wakilin da zai ɗaga hannu a ɗora wa miliyoyin mutane hukunci ya fi cancanta ya ji tsoro. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 58 ta umurci masu iko da mayar da amana da yin hukunci da adalci, sa'an nan ne aya ta 59 ta zo da umurnin a yi musu ɗa'a. Nauyin shugaba aka fara ambata kafin nauyin talaka.

ABIN DA YA GABATA

Kafin zuwan Turawa, alƙalai da sarakunan Daular Sakkwato da na Barno suna hukunci da fiƙihun Malikiyya, suna dogara ga littattafai irin su Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfatul Hukkami. Turawan mulkin mallaka sun bar kotunan alƙalai suna aiki, har da shari'ar kisa, amma sun hana yanke hannu da makamantansa. Da lokacin samun mulkin kai ya gabato, Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958, a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan Sayyid Muhammad Abu Rannat. Shawarar kwamitin ce ta haifar da dokar laifuffuka da jama'a suka fi sani da Final Kot, wadda Majalisar Arewa ta zartar a 1959, ta fara aiki a 1960. An ɗauko tsarinta daga dokar Sudan, aka bar wasu abubuwa da suka shafi Musulmi, kamar laifin shan giya da na zina. Daga lokacin sai ikon Shari'a ya taƙaita ga al'amuran aure da gado da sauran mu'amala.

Wannan ragi bai daina damun Musulmi da yawa ba. A 1978 an yi zazzafar muhawara a Majalisar Shirya Tsarin Mulki a kan kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Tarayya, har wakilai Musulmi masu yawa suka fice daga zauren. Maganar ta kwanta, amma ba ta mutu ba.

DOKOKIN DA AKA ZARTAR

Da mulkin farar hula ya dawo ranar 29 ga Mayu 1999, Gwamnan Zamfara Alhaji Ahmad Sani Yariman Bakura ya kai wa Majalisar jiharsa shirin dokar kafa kotunan Shari'a. An zartar da ita a watan Oktoba, aka yi taron ƙaddamarwa a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, wanda jama'a suka halarta daga ko'ina cikin Arewa. Ranar 27 ga Janairu 2000 sababbin kotunan da dokar laifuffuka ta Shari'a suka fara aiki.

Dalilin da ya sa tilas sai an bi ta Majalisa yana cikin sashe na 36 na Tsarin Mulki, wanda ya ce ba za a hukunta kowa a kan wani laifi ba sai in an bayyana laifin da hukuncinsa a rubutacciyar doka. Ma'anar wannan ita ce alƙali ba shi da ikon buɗe Muhtasar ya yanke wa ɓarawo hukunci kai tsaye. Sai wakilai sun ɗauko hukuncin daga littafin fiƙihu, sun mayar da shi dokar jiha.

Cikin shekara biyu jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu, watau Sakkwato, Kebbi, Neja, Katsina, Kano, Jigawa, Yobe, Barno, Bauchi, Gombe da Kaduna. Ba hanya ɗaya suka bi ba. Jihar Neja gyara ta yi wa tsohuwar Final Kot ta ƙara mata hukunce-hukuncen da suka shafi Musulmi, yawancin sauran kuwa sabuwar doka suka rubuta. Ta Kano ta fara aiki a watan Nuwamba 2000. Dokokin sun hau kan Musulmi ne, wanda ba Musulmi ba kuwa sai in shi da kansa ya yarda a yi masa shari'a a kotun. Ba a sa ridda cikin jerin laifuffuka ba, saboda sashe na 38 na Tsarin Mulki ya ba kowa 'yancin addini. An kuma shar'anta cewa hukuncin kisa ko na yanke hannu ba zai zartu ba sai an ba da damar ɗaukaka ƙara, Gwamna kuma ya amince. Daga baya aka ƙara da wasu dokokin, kamar na tara zakka, da na hana sayar da giya da caca. Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, sa'an nan a 2003 ta zartar da dokokin Hukumar Shari'a da Hukumar Hisba da Hukumar Zakka da Hubusi.

DARASI NA FARKO: SHAWARA KAFIN DOKA

Allah ya yabi muminai a cikin Suratush Shura da cewa suna tafiyar da al'amuransu bisa shawara, ya kuma umurci Annabinsa, mai tsira da aminci, da shawartar sahabbai a cikin Suratu Ali Imrana, aya ta 159. Zaman sauraron ra'ayin jama'a da kwamitin Majalisa yake yi wani nau'i ne na wannan shawara, in an yi shi da gaskiya. A Kaduna, inda Musulmi da Kirista suke zaune gida da gida, tun maganar tana hannun kwamitin Majalisa rikici ya ɓarke a watan Fabrairu 2000, aka yi asarar rayuka masu yawa daga ɓangarorin biyu, aka ƙone gidaje da wuraren ibada, har unguwannin garin suka rabu bisa addini. Sai a 2001 gwamnatin jihar ta fito da tsarin da ya kafa kotunan Shari'a tare da kotunan al'ada, kowa ya san inda za a yi masa hukunci. Da an fara da zama da bayani, an kawar da tsoron da jita-jita ta shuka a zukatan maƙwabta, da watakila an isa wannan matsaya ba tare da jini ya zuba ba. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofi biyar na Shari'a, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya.

DARASI NA BIYU: SANARWA KAFIN HUKUNCI

A cikin Suratul Isra'i, aya ta 15, Allah ya bayyana cewa azabarsa ba ta sauka a kan jama'a sai bayan an aiko musu da mai gargaɗi. Giya ma a hankali aka haramta ta, daga ayar Baƙara zuwa ta Nisa'i zuwa ta Ma'ida, har zukata suka shirya. Tsarin Mulkin ƙasa ya dace da wannan ƙa'ida, domin sashe na 36 ya hana a hukunta mutum a kan abin da ya aikata kafin dokar ta kasance.

A watan Oktoba 2001 Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa wata mata hukuncin jifa bisa laifin zina. Ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Sakkwato ta rushe hukuncin. Cikin dalilanta akwai cewa abin da ake tuhumarta da shi ya auku ne kafin dokar jihar ta fara aiki a farkon 2001, ba a kuma yi mata cikakken bayanin laifin da ake tuhumarta da shi ba. Kotun Shari'a ce ta yi kuskuren, kotun Shari'a ce kuma ta gyara shi, da hujjojin Musulunci da na doka.

Har wa yau akwai maganar harshe. Da Turanci aka rubuta waɗannan dokoki, domin sashe na 97 ya ce da Turanci Majalisar Jiha za ta gudanar da aikinta, ko da yake ya ba ta izinin ƙarawa da wani harshen da ake yi a jihar in wakilai sun amince. Mafi yawan waɗanda aka gurfanar a gaban alƙalai ba su karanta Turanci, wasu alƙalan ma Larabci suka fi ƙwarewa a kai. Majalisar da ta zartar da doka ba ta sa an fassara ta an karanta wa jama'a a rediyo da masallatai da kasuwanni ba, ta bar aikinta rabi.

DARASI NA UKU: DOKA NA BUKATAR ALƘALI MASANI

Haddi yana da sharuɗɗa masu tsauri. A mazhabar Malik ba a yanke hannu sai abin da aka sata ya kai rubu'in dinari ko dirhami uku, an kuma ɗauke shi daga ma'ajiyar da ta dace da shi. Zina ba ta tabbata da shaida sai da adilai huɗu da suka gani da idonsu, mai iƙirari kuma yana da damar janye iƙirarinsa. Ƙa'idar da malamai suka haɗu a kanta ita ce shubuha tana kawar da haddi. Kafin yanke hukunci kuma akwai i'izari, watau alƙali ya tambayi wanda ake tuhuma ko yana da sauran hujja.

A Jihar Katsina an yanke wa wata mata hukuncin jifa a watan Maris 2002. Ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jihar ta sallame ta da rinjayen alƙalai huɗu cikin biyar. Kotun ta lura cewa alƙalin farko ya zauna shi kaɗai alhali dokar jihar ta ce ya zauna da mashawarta biyu, cewa tana da haƙƙin janye iƙirarinta, cewa kuma fiƙihun Malikiyya ya san kwantaccen ciki, wanda yake ba da damar jingina ɗa ga tsohon miji har shekara biyar a wata fitacciyar magana. Matar ta yi wata goma sha takwas tana kwana da tashi da hukuncin kisa a kanta, saboda abubuwan da suke rubuce a littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai. Gaggawar da aka yi wajen rubuta dokokin ma ta jawo saɓani tsakanin jiha da jiha, har Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta shirya daidaitaccen kundi, wanda Zamfara ta karɓa a 2005. Saboda haka kuɗin horar da alƙalai da biyansu albashin da zai tsare mutuncinsu wani yanki ne na dokar, ko da yake a kasafin kuɗi ake rubuta shi.

DARASI NA HUƊU: HAƘƘIN TALAKA

An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannun ɓarawo a shekarar yunwa da aka yi a zamaninsa, domin yunwa shubuha ce. An kuma san labarin matar nan ta ƙabilar Mahzum da ta yi sata, manyan Ƙuraishawa suka nemi Usama ɗan Zaidu ya roƙa mata sassauci, Annabi, mai tsira da aminci, ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummomin da suka shuɗe shi ne ƙyale babba da hukunta ƙarami.

Hannun farko da aka yanke a Zamfara, a watan Maris 2000, na wani talaka ne da aka samu da satar saniya. Jama'a sun yi ta tambaya tun daga lokacin, ina hukuncin wanda ya wawure dukiyar al'umma da alƙalami? Gaskiya ne a fiƙihu cin amanar dukiya ba ya cika sharuɗɗan haddin sata a wurin malamai da yawa, amma ƙofar ta'aziri a buɗe take, Majalisa kuma tana da ikon tsananta shi. Talakawan da suka cika filin taro a Gusau da Kano sun zo ne da fatan ganin ƙarshen zalunci da cin hanci, da samun magani a asibiti, da zakkar da za ta isa ga kashi takwas ɗin da aka lissafa a Suratut Tauba, aya ta 60. Inda dokokin zakka da na sauraron koke-koken jama'a suka yi rauni, nan ne gwiwar mutane ta yi sanyi.

ABIN DA YA HAU KAN KOWA

Majalisun Jihohi ba su daina zama ba, kowace shekara kuma sababbin dokoki suna fitowa a kan haraji da filaye da aure da ilmi da kiwo. Wajibi ne a kan wakili ya karanta abin da zai amince da shi, ya tambayi masana abin da ya shige masa duhu, ya tuna cewa za a tambaye shi a kan ɗaga hannunsa ranar da babu Kakaki babu jam'iyya. Wajibi ne a kan malamai su halarci zaman kwamiti tun shiri yana ɗanye, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Talaka kuma ya san sunan wakilin mazaɓarsa, ya tambaye shi dokokin da aka zartar a bana da abin da suka ƙunsa, ya nemi a bayyana masa su cikin harshen da yake ji.

Allah ya shiryi shugabanni, ya ba alƙalai ilmi da tsoronsa, ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.